Shin takardun sabis sun wadatar a madadin rahoton LOLER?

Tambaya: An ba ni aikin kula da ma'aikata a wani ƙaramin sito a Birmingham. Muna da foklif biyu, wato motocin ɗaga kaya masu yatsun ƙarfe a gaba, ɗaya namu ɗaya na haya, da injin ɗaga kaya mai sarƙa da ke rataye a jikin ƙarfen rufi, sai kuma tarin sarƙoƙi da bel-bel na ɗaga kaya a cikin wani akwati. Kamfanin inshora ya nemi rahoton LOLER, mai wurin kuwa ya ce ai makaniki yana zuwa yin sabis duk wata uku, don haka takardunsa sun isa. Shin sun isa? In ba su isa ba, me doka take nema?

Amsa: Takardun makanikin ba su isa ba, malam, kuma gara ka sanar da mai wurin tun yanzu, cikin ladabi amma ba tare da kwana-kwana ba. Sabis abu ne da doka take nema, sai dai a ƙarƙashin wata ƙa'ida dabam. Abin da kamfanin inshora yake tambaya shi ne rahoton binciken ƙwaƙwaf, wanda wani ƙwararre yake yi a kan na'urar a lokutan da doka ta ƙayyade, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu.

LOLER ita ce ƙa'idar ayyukan ɗaga kaya da na'urorin ɗaga kaya ta 1998. Ta fara aiki ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar, kuma ta samo ƙarfinta ne daga babbar dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974. Tana aiki a Ingila da Sikotland da Wales, yayin da Arewacin Ireland take da nata kwatankwacin. Tana da abokiyar tafiya mai suna PUWER, ita ma ta 1998, wadda ta shafi duk wani kayan aiki, tun daga tsani har zuwa babban inji, kuma a ƙarƙashinta ne gyara da sabis da horar da direbobi suke. Tunda kana zaune a Ingila, ka san cewa ko kana kai motarka gareji kowane wata, wannan ba zai ɗauke maka gwajin MOT na shekara ba, domin mai sabis aikinsa ya sa motar ta ci gaba da tafiya, mai gwaji kuwa aikinsa ya yanke hukunci ko ta cancanci zama a kan titi. Haka alaƙar sabis da binciken LOLER take. Ga masu karatu da ke Najeriya, inda 'yan kwangila a harkar mai da gine-gine suke yawan ambaton LOLER, ya kamata a sani cewa ita ba dokar ƙasar ba ce. Can Dokar Masana'antu ce take aiki, tare da ƙa'idar na'urorin ɗaga kaya ta 2018 da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Wa'adin binciken kashi biyu ne, kuma ƙa'ida ta 9 a cikin LOLER ce ta tsara shi. Duk na'urar da take ɗaga mutane ana bincikar ta aƙalla sau ɗaya a cikin wata 6, haka nan duk kayan da ake ɗaura kaya da su a jikin na'ura, wato sarƙoƙi da bel da igiyar waya da ƙugiyoyin da ake cirewa da shakul, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake haɗa sarƙa da kaya da shi. Sauran na'urorin da kaya kawai suke ɗagawa, wata 12 ne. A wurinku ke nan, foklif biyun da injin rufin suna cikin na wata 12, abin da ke cikin akwatin kuwa duka na wata 6 ne. Idan har ana ɗora kejin da mutum yake shiga a kan yatsun foklif don a canja fitila ko a duba rufi, to foklif ɗin da kejin sun koma wata 6. Ɗaga mutum yana tsaye a kan falet, katakon nan da ake jera kaya a kai, ko a kan yatsun kansu kuwa babu wani bincike da zai halatta shi. Doka ta ba da wata hanya ta uku, wato ƙwararre ya rubuta tsarin bincike na musamman da zai sa wa'adi gwargwadon yanayin aikin, amma ga sito irin naku ban ga amfanin wahalar ba. Ku bi wata 6 da wata 12, sai in mai binciken ya ce a rage saboda yawan aiki ko tsatsa ko sanyin ɗakin ajiya.

Ban da wa'adin, akwai lokutan da bincike yake wajaba ko da bai cika ba. Sabuwar na'ura tana bukatar sa kafin a fara aiki da ita, sai dai in ta zo da takardar shaidar cika ƙa'ida daga wanda ya ƙera ta, wadda ba ta wuce wata 12 ba. Na'urar da lafiyarta ta dogara da yadda aka kafa ta, kamar injinku na rufi, dole a bincike ta bayan an kafa ta kuma kafin a ɗaga komai da ita, kuma duk lokacin da aka ciro ta aka mayar da ita wani wuri sai an sake. A nan ina so ka lura da ƙarfen da injin yake gudana a kai, domin shi ma yana ɗauke da nauyin, kuma sau da yawa akan duba injin a manta da abin da yake rataye a jikinsa. Sai kuma abin da ƙa'idar ta kira yanayi na musamman: foklif ya yi karo mai ƙarfi, an ɗora wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta, an canja wani muhimmin ɓangare mai ɗaukar nauyi, ko ta daɗe a ajiye ba a aiki da ita.

Wane ne zai yi binciken? Doka ba ta ambaci wata takardar shaida guda ɗaya ba. Littafin jagora mai lamba L113 na HSE, hukumar lafiya da kariya a wurin aiki ta Birtaniya, ya bayyana shi da cewa mutum ne mai ilimin na'urar a karance da a aikace, da gogewar da za ta sa ya gane lahani ya kuma auna girman haɗarinsa, sannan ya kasance mai cin gashin kansa ta yadda zai faɗi gaskiya ba tare da tsoro ko son rai ba. Zai iya zama ma'aikacin kamfanin, in dai yana da ikon da zai ce a tsayar da na'ura a tsayar. Abin da hukumar ba ta so shi ne wanda yake yin sabis ya zama shi ne kuma mai binciken, domin zai zama yana duba aikin hannunsa ne. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa takardun makanikinku ba za su tsaya a madadin rahoton ba. Yawancin ƙananan kamfanoni injiniyan da kamfanin inshora ya turo ne yake yi musu, shi ya sa za ka ji ana ce masa binciken inshora, amma wannan suna yana ruɗar mutane. Alhakin yana kan mai ba da aiki. In wa'adi ya wuce injiniya bai zo ba, ba kamfanin inshora za a tuhuma ba.

Idan ka tsaya kusa da mai bincike yana aiki a kan foklif, za ka ga bambancin da idonka. Zai ɗora ma'auni a kan sarƙar da take ɗaga yatsun, ya auna yawan miƙewar da ta yi, domin sarƙar tana cinyewa a mahaɗanta tana ƙara tsawo a hankali. In ƙarin ya kai kashi 3 cikin 100, ta gama aiki, ko da kuwa tana sheƙi da mai. Zai auna kaurin yatsun a dunduniyarsu, wurin da suke gogar ƙasa, ya kwatanta da kaurin ɓangaren da yake tsaye wanda ba ya goguwa. In sun cinye da kashi 10 cikin 100 sai a cire su, domin wannan ɗan cin yana rage ƙarfinsu da kusan kashi 20. Zai nemi tsagewa a kusurwar yatsun da wuraren walda, ya duba bututun mai ko suna yoyo, ya ɗaga kaya ya bar su a sama ya ga ko za su riƙa saukowa da kansu. Mutane da yawa suna zaton dole ne a ɗora wa na'ura nauyin da ya wuce ƙa'idarta a kowane bincike. Ba haka ba ne. Mai binciken ne yake yanke ko ana bukatar gwajin nauyi, kuma yawaita shi yana iya raunana ƙarfen.

Akwai wani giɓi a nan da ya kamata ka toshe. LOLER ta shafi ɓangaren ɗagawa ne kawai. Birki da sitiyari da tayoyi da rumfar da take kare kan direba suna ƙarƙashin PUWER. Don haka foklif yana iya samun rahoton LOLER mai kyau alhali birkinsa ba ya kamawa. Ka tambayi wanda za ku ɗauka ko bincikensa ya haɗa ɓangarorin biyu. Tsarin CFTS, wanda masu harkar foklif a Birtaniya suka kafa, an yi shi ne don ya haɗa su.

Amma a ganina, akwatin nan naku shi ne inda gizo yake saƙa. Foklif babba ne, yana da lamba, yana da kuɗi, kowa yana tunawa da shi. Bel ɗin da aka saya fam kaɗan aka jefa a akwati babu mai tunawa da shi sai ranar da ya tsinke. Ƙa'ida ta 7 ta ce kowace na'ura da kowane maɗauri dole ya kasance da alamar iyakar nauyin da zai iya ɗauka lafiya, kuma a aikace kowanne yana bukatar lambar da za a gane shi da ita, in ba haka ba babu yadda za a ce wannan rahoton na wannan sarƙar ne. Bel ɗin da tambarinsa ya yage ko ya goge ya fita daga aiki, ko da kuwa sabo ne fil. Bel-bel na zare da aka yi bisa ma'aunin Turai suna da launi gwargwadon ƙarfinsu: shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5. Launin taimako ne kawai, tambarin shi ne hujja, domin datti da rana suna sauya launi. Duk bel ɗin da ya yanke a gefe, ko zarensa ya narke saboda zafi ko goguwa, ko aka ƙulle shi don a rage masa tsawo, a fitar da shi, kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa kafin a jefar, domin na tabbata in aka bar shi lafiyayye a kwandon shara wani zai tsince shi ya mayar akwatin. Sarƙar da aka yi wa walda a gida, ko aka haɗa ta da noti a madadin zoben da ya karye, ita ma hukuncinta ke nan.

Ko maɗaurin da ba shi da lahani yana iya cin amana in ba a san lissafin kusurwa ba, kuma wannan ne abin da na fi so ka koya wa ma'aikatanka. Ɗauki sarƙa mai ƙafa biyu wadda kowace ƙafa take ɗaukar tan 2. Mai saurin lissafi zai ce tan 4 ke nan. A'a. Muddin ƙafafun sun buɗe, ƙarfin da yake jan kowace ƙafa yana ƙaruwa. In karkatar kowace ƙafa daga tsaye ba ta wuce digiri 45 ba, iyakarta tan 2.8. Daga digiri 45 zuwa 60, ta koma tan 2 kacal, domin a digiri 60 kowace ƙafa tana jin nauyin kayan gaba ɗaya. Bayan digiri 60 ba a ɗagawa sam. In kuma aka zarge maɗaurin a wuyan kayan ya shaƙe su, a cire kashi 20 cikin 100 daga ƙarfinsa. Foklif ma yana da irin wannan lissafin: farantin da ke jikinsa yana iya cewa kilo 2,500, amma da sharaɗin tsakiyar nauyin kayan yana milimita 500 daga gindin yatsun. Kaya mai tsawo da ya tura nauyinsa gaba, ko ƙarin yatsu da aka ɗora, suna rage wannan adadin. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin kimar ido ba ta wadatarwa, sai an karanta nauyin a takardar kaya ko an auna.

Bayan bincike sai rahoto. Dole ya ƙunshi sunan mai ba da aiki da adireshin wurin, da lambar na'urar, da iyakar nauyinta, da ranar binciken da ya gabata, da duk lahanin da aka gani, da ranar ƙarshe da za a sake bincike, da suna da cancantar wanda ya yi shi. Jagorar hukuma tana sa ran ya iso cikin kwana 28. Lahani iri biyu ne. Akwai wanda bai zama haɗari ba tukuna, sai mai binciken ya sa ranar da dole a gyara kafin ta. In ranar ta wuce ba a gyara ba, amfani da na'urar ya zama karya doka. Akwai kuma wanda yake barazanar mummunan rauni nan take. A wannan, zai sanar da ku a take, na'urar ta tsaya har sai an gyara, kuma doka ta tilasta masa ya aika kwafin rahoton ga hukumar da take sa ido a kanku. Ba shi da zaɓi a kan haka, ko da kun gyara a gabansa dole ya rubuta cewa ya tarar da lahanin, saboda haka kada mai wurin ya ɗauka ƙiyayya ce. Ga sito da shaguna, yawanci jami'an ƙaramar hukuma ne masu sa idon, HSE kuwa ta fi riƙe masana'antu da wuraren gini. Rahoton wa'adi ana ajiye shi har sai na gaba ya fito ko shekara 2 ta cika, duk wanda ya fi daɗewa, kuma ajiyewa a kwamfuta ya halatta in dai za a iya fito da shi lokacin da jami'i ya nema.

Foklif ɗin haya bai kuɓutar da ku ba. Doka ta ce kada na'ura ta bar hannun mai ita, kuma kada wanda ya karɓa ya yi aiki da ita, sai tana tare da shaidar binciken ƙarshe. In hayar ta dogon lokaci ce, ka buɗe yarjejeniyar ka ga wa aka ɗora wa shirya binciken, domin a nan ne kowane ɓangare yakan zaci ɗayan ya yi.

Idan mai wurin yana ganin duk wannan cika takarda ne, ka ba shi labarin Battersea. A watan Satumba na 2006 wani dogon kiren na gini ya karye a wannan unguwa ta Landan, ya kashe direbansa da wani mutum da yake kan titi a wajen filin ginin. Manyan notuna 24 da suke riƙe da ɓangaren da yake juyawa ne suka karye saboda gajiyar ƙarfe. Kimanin wata biyu kafin nan wasu daga cikin notunan wurin sun taɓa karyewa, aka canja su aka ci gaba da aiki, ba a tsaya an binciki abin da ya karya su ba. A 2016 kotu ta ci kamfanin Falcon Crane Hire, mai ba da hayar kiren ɗin, tarar fam 750,000. An yi gyara a wannan kiren, kuma an yi shi da wuri. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tambayi dalilin da ya sa ƙarfen da bai kamata ya karye ba ya karye.

Rahoto yana faɗin halin da na'ura take ciki ne a ranar da aka duba ta, don haka sauran kwanakin shekara suna hannunka. Kowane direba ya duba foklif kafin ya fara aiki, ya cike takardar dubawa, kuma ya san cewa in ya ce akwai matsala ba za a harare shi ba. Mai ɗaura kaya ya bi bel da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe kafin ya rataya shi. Ƙa'ida ta 8 kuma ta ce kowane aikin ɗagawa sai wanda ya san aikin ya tsara shi, a sa ido a kansa, a yi shi lafiya. Ga aikin yau da kullum, tsari guda a rubuce ya isa, direban da aka horar zai bi shi. Ga kaya mai siffar da ba a saba ba, ko wanda ba a san inda nauyinsa ya karkata ba, sai an zauna an tsara shi shi kaɗai. Kada kaya su bi ta kan mutane, kada kowa ya shiga ƙarƙashin abin da yake rataye. In kuwa wani ɓangare mai ɗaukar nauyi na na'urar ya karye, ko foklif ya kife, ƙa'idar kai rahoton haɗurran wurin aiki, wato RIDDOR ta 2013, ta wajabta kai rahoto ko da babu wanda ya ji ciwo.

Game da hukunci, jami'i yana da ikon ba da takardar umarnin gyara, ko takardar hana amfani da na'ura nan take. A kotu tara ba ta da iyaka, kuma tun 2016 ana auna ta da girman cinikin kamfani da girman haɗarin da aka jefa mutane a ciki, ba sai an yi rauni ba. Mutum yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2. Kai ma kana da naka kason: sashe na 7 na dokar 1974 ya ɗora wa kowane ma'aikaci kula da lafiyar waɗanda aikinsa ya shafa, kuma mai kula da ma'aikata da ya san wa'adi ya wuce ya ce a ci gaba yana iya fuskantar tuhuma shi kansa. A ɗaya ɓangaren, dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 tana kare wanda ya ƙi aiki saboda haɗari mai tsanani da yake gab da faruwa, ba a yarda a kore shi ko a muzguna masa a kan haka ba.

Saboda haka ka rubuta wa mai wurin saƙon imel, kada ka tsaya a maganar baki. Kafin nan ka zazzage akwatin a ƙasa, ka jera kowane abu da lambarsa da iyakar nauyinsa a takarda guda, ka ware marasa tambari ka kulle su. Ka nemi rahoton foklif ɗin haya daga masu shi a yau. Sannan ka kira kamfanin inshorar ka tambaye su ko yarjejeniyarku ta haɗa da aiko injiniyan bincike, domin sau da yawa ana sayar da su tare, kuma mai yiwuwa kun riga kun biya. Duk na'urar da aka rasa rahotonta, ko aka tarar wa'adinta ya wuce, a cire mata makulli a rataya mata alama, ta zauna har injiniya ya zo.